Nomau da Murfin Rijiyar Garin Jaye

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga wanda ya halicci kowane abu bisa gwargwado, ya ba tsawo haƙƙinsa, ya ba faɗi nasa, bai bar ɗayansu ya zalunci ɗan'uwansa ba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar da za a tsayar da ma'auni.

Bayan haka, ni Habibullahi, na'ibin limamin Garin Jaye da ke ƙasar Gangara, zan rubuta abin da ya auku a garinmu game da murfin rijiya. Abin da idona ya gani na rubuta shi a matsayin shaida. Abin da ya auku ba na wurin, ban karɓe shi ba sai daga bakin mutum biyu da ban taɓa kama su da ƙarya ba.

Rijiyar garinmu guda ɗaya ce. Kakanninmu suka haƙa ta, aka ɗaure ta da siminti shekarun baya, amma bakinta a buɗe yake. A tsakiyar damina wani bunsuru ya faɗa ciki, ba a ankara ba sai da ruwa ya canja wari, gudawa ta shiga gidaje. Madam Mansura, ma'aikaciyar lafiya daga Gazawa, ta zo ta sa aka kwashe ruwan, aka zuba magani. Da za ta hau babur ta ce wa mai gari Haruna:

"Ranka ya daɗe, Alhamis ta sama zan dawo. In na tarar da murfin ƙarfe wanda ko ɗan tsako ba ya faɗawa ta gefensa, kun tsira. In ban tarar ba, zan sa a rufe rijiyar nan."

Ma'anar rufewa kowa ya san ta: matan gari su koma ɗaukar ruwa daga ƙauyen gaba, tafiyar da ke cin hantsi sukutum. Allah ya taimaka, wani ɗan garin mai fatauci ya riga ya ba da faifan ƙarfe biyu sadaka, suna ajiye wurin Ɗahiru mai walda a Agiye. Ɗaya aka ce na rijiya. Ɗayan na ƙofar ɗakin ajiyar masallaci ne, wadda na shekara biyu ina roƙo.

Bayan la'asar aka taru gindin gawo, kusa da rijiyar. Baba Tala, tsohon maƙerin gari, bai yi dogon zance ba. Ya zaro karan dawa daga danga, ya gicciya shi a bakin rijiya daga gefe zuwa gefe, ya karya daidai.

"A kai wa mai walda karan nan," in ji shi. "Ya kafa ƙusa a tsakiya, ya ɗaura zare rabin tsawon karan, ya kewaya da alli, ya yanka. Magana ta ƙare."

Sai aka ji wata dariya daga baya. Nomau ne. Shi wannan Nomau ya yi wata bakwai ba ya gari, ya dawo da jaka a rataye, da ordinater, wato kwamfuta, a cikinta, da tabarau wanda ba na ciwon ido ba. Ya ce karatun zane ya yi a Maradi, kuma daga yanzu a kira shi Mushe Injiniya, wato Malam Injiniya da Faransanci. Batulu, shugabar matan gari, wadda taubashiyarsa ce, ta ce an gan shi a Cadawa yana share shagon mai hoto. Allah ne mafi sani. Ni dai ban ga takardar shaida ba, tabarau na gani.

"Kara!" in ji Nomau. "A wannan zamani? Baba Tala, in ka shiga Agiye da kara a hannu, cewa za a yi akuya ka zo kora."

"Da irin karan nan na auna ƙofar ɗakin da aka haife ka," in ji Tala, "har yau tana rufuwa."

"Wancan zamanin kintace ne. Yanzu na'ura ke zane. Zan zana murfin nan a ordinater, in fitar da shi, a buga shi da girmansa na ainihi, mai walda ya shimfiɗa bisa ƙarfe ya bi layi. Ko gashi ɗaya ba zai kuskure ba. A Maradi na zana gada."

"Wace gada?" in ji Batulu. "Ta daji ko wadda kuka share ƙarƙashinta?"

"Ke ba ki san ilimi ba, ɗiyar gwaggo."

"Na san tulu, ɗan kawu. In aka rufe rijiyar nan, kai zan ɗora wa nawa, da tabaraunka da komai."

Mai gari ya nemi ganin abin. Nomau ya ɗauko zaren awo, ya auna karan Baba Tala yana yatsina fuska, ya buɗe ordinater bisa turmi, ya danna, ya ja. Nan take da'ira ta bayyana. Ya wajaba in faɗi gaskiya ko da a kan wanda nake zargi: da'irar nan sahihiya ce, babu aibi. Na kifa bakin kofin shayina bisa gilashin na'urar, ta zauna daidai. Jama'a suka yi kabbara. Mai gari ya ce an ba Nomau aikin. Baba Tala ya ɗauki karansa ya soke a rufin maƙera.

Kashegari da hantsi Nomau ya zo zaurena, domin ni ke da faifan hasken rana da ake cajin waya. Ya ƙara wa zanen hoton mai gari daga sama, wai don girmamawa. Sannan ya bayyana mini cewa abin da ke cikin na'ura ba ya buguwa sai an fitar da shi ya zama hoto, kuma wurin fitarwar nan ne ake gane gwani.

Wani ɗan akwati ya buɗe bisa gilashin. A cikinsa akwai lambobi biyu, ɗaya na tsawo, ɗaya na faɗi, da wata ƴar sarƙa a zane tana haɗe su. Nomau ya dubi yadda zanen zai zauna bisa takarda, ransa ya ɓaci.

"Allah gafarta Malam, dubi farin da ya rage sama da ƙasa. Ba kai ke mana wa'azi kan almubazzaranci ba? Takarda sukutum, da'ira ta ci rabi ta bar rabi."

Na ce masa almubazzarancin da malamai suka hana bai shafi gefen takarda ba, mu ma da ke rubutu muna barin gefe don hashiya. Bai saurare ni ba. Ya ƙara lambar tsawo, sai lambar faɗi ta ƙaru da kanta. Ya rage faɗi domin ya sami wurin rubuta sunansa a gefe, sai tsawo ya ragu da kansa. Sau uku suna haka.

"Na'ura za ta yi gardama da ni?" in ji shi. "Sarƙar nan ce. Don ƴan koyo aka sa ta."

Ya danna ta, ta tsinke. Wani rubutu na Faransanci ya fito, da alama mai ruwan ɗorawa a gefensa. Ni ban karanta Faransanci ba, amma na san fuskar gargaɗi a kowane harshe. Na ce, "Mi ta ce?"

"Gaisuwa ce, Malam."

Ya rufe gaisuwar bai amsa ba. Ya miƙa tsawo har ya cika takarda, ya matse faɗi har wuri ya samu, ya jera MUSHE INJINIYA NOMAU daga sama har ƙasa. Daga ƙarshe na'ura ta tambaye shi nauyin hoton, ya zaɓi mafi ƙanƙanta, wai don ya wuce ta waya ba wahala.

Ranar Juma'a ya dawo daga Gangara da zanen a buge bisa takarda, ya kawo ƙofar mai gari inda dattawa ke zaune. To, mai garinmu Haruna, Allah ya ƙara masa lafiya, gajere ne mai kauri, kuma abin yana damunsa tun ƙuruciya. A takardar nan sai ga shi dogo siriri, wuya kamar na zalɓe, hula ta miƙe kamar taɓarya. Dattawa suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa.

Mai gari ya riƙe takardar, ya matso da ita, ya nesanta ta. Ya daɗe yana kallo.

"Ashe haka nake in an duba da kyau," in ji shi.

"Haka kake, ranka ya daɗe," in ji Nomau. "Ido ne ke tauye ka. Na'ura ba ta son kai."

Baba Tala ya leƙa ta kafaɗarsa. "Ranka ya daɗe, ni ba hotonka ya dame ni ba. Dubi ƙasansa. Wannan ƙwan zabuwa ne ko murfin rijiya?"

Na sa baki, na ce ƙiyasin a fili yake: illar da ta miƙe mutum ita ce ta miƙe da'ira, tun da takarda ɗaya suke, hannu ɗaya ya ja su. In an yarda mai gari ya ƙara tsawo, dole a yarda murfi ya ƙara.

"Malam," in ji mai gari, murya ta canja, "kana nufin ban kai haka ba?"

Na ce tsawon daraja yana da shi. Wannan amsa ba ta gamsar da shi ba. Ya ce hassada ta yi yawa a garin nan, yaro ya zo da ilimi ana neman kashe masa gwiwa. Ya sa aka liƙa takardar a bangon zaurensa, ya umarci Nomau ya kama hanyar Agiye da safe.

Abin da ya auku a Agiye na karɓo shi daga Rashidu mai buga hotunan talla da Ɗahiru mai walda, kowanne na tambaye shi shi kaɗai, maganarsu ta dace.

Rashidu ya buɗe hoton, ya ce, "Maigida, wannan ƙarami ne ƙwarai. In na buɗa shi ya kai girman bakin rijiya, fashewa zai yi. Kuma a karkace yake. Ba ka da na asalin?"

"Kai aikinka bugawa. Tunani nawa ne."

Rashidu ya buga bisa ledar nan mai kauri ta allon talla. Da hoton ya buɗe, layin da ke sumul a na'ura ya zama hawa-hawa kamar matakalar bene, tun daga farko har ƙarshe. Fuskar mai gari kuwa ta koma ƴan murabba'ai, kamar an gina shi da tubali.

Ɗahiru ya shimfiɗa ledar bisa ƙarfe, ya kewaye ta sau biyu.

"Rijiyar taku kaza ce ta haƙa ta?"

"Yanka kawai."

"Shekara ashirin ina murfin rijiya, ban taɓa ganin mai tsawo ba. Haƙoran nan na gefe fa?"

Nomau ya gyara tabarau. Shi ma sai lokacin ya gan su. "Na riƙe siminti ne, kada iska ta ɗauke. Sabon salo ne, bai iso Agiye ba."

"To, sa mini hannu a bayan ledar, cewa kai ka ce in bi layi yadda yake."

Nomau ya sa hannu, sa hannun da ya kusa kai kamu guda. Ɗahiru ya bi layin da amana, haƙori bayan haƙori, yini guda yana yanka.

Ranar Litinin murfi ya iso bisa amalanke. Gari ya fito. Maza huɗu suka sauke, haƙoransa suka kama babbar rigar mai gari suka tsage ta daga aljihu zuwa gwiwa. Aka ɗora bisa rijiya. Ta kudu da ta arewa ya zarce, har ya yi wa tururuwa rumfa. Ta gabas da ta yamma kuwa ya bar giɓi biyu kamar jinjirin wata, kowanne ya isa ɗan akuya ya wuce ba tare da ya gogi gefe ba.

Wata kaza ta hau, ta leƙa giɓin gabas, Batulu ta cafke ta da fiffike.

"Ga sufeto ta fara aiki," in ji ta. "Mushe Injiniya, a juya shi ko?"

Aka juya. Giɓin ya koma kudu da arewa.

Nomau ya kewaya rijiyar, hannu a baya. Ya tsuguna, ya rufe ido ɗaya, ya miƙe.

"Na gano matsalar," in ji shi. "Rijiyar ce a karkace."

"Rijiyar?"

"Mutanen da ba su da na'ura suka haƙa ta. Abin da ya kamata shi ne a fasa simintin, a gyara bakin ya dace da murfin. Kwana biyu ya isa."

Inna lillahi! Ban taɓa ganin mata sun taso wa mutum ɗaya kamar ranar ba. Batulu ta ajiye kazar ta ɗauki igiyar guga.

"Ka taɓa simintin nan, ɗan kawu, da kai za mu toshe giɓin gabas. Na yamma mu sa jakarka."

"In takalmi ya matse ka, Nomau, yatsu kake yankewa?" in ji Baba Tala. "Ranka ya daɗe, karana yana nan a maƙera. Akwai sauran faifai ɗaya."

Na yi gyaran murya, na tunatar da jama'a cewa faifan da ya rage na ƙofar masallaci ne. Aka ce ruwan alwala ma daga rijiyar yake. Na haƙura, ina zaton aƙalla za a ba Tala.

Amma Nomau ya durƙusa gaban mai gari. "Allah ja zamaninka, kuskuren lamba ɗaya ne, na riga na gan shi. In aka ba kara aikin nan, ƙauyukan kewaye za su ce garin mai gari Haruna ya gwada zamani ya kasa. Kuma zan sake fitar da hotonka babba, a rataya ranar da Madam za ta zo."

Mai gari ya dubi rigarsa da ta yage, ya tuna dogon mutumin da ke bangon zaurensa. Dogon ya yi rinjaye, aka sake ba Nomau aikin.

Malamai sun kasa jahilci gida biyu. Akwai wanda bai sani ba, kuma ya san bai sani ba, wannan ana karantar da shi. Akwai wanda bai sani ba, kuma yana ganin shi ne malamin gari. Ranar Talata Nomau, ɗan gida na biyun, ya sake zuwa caji zaurena. Na roƙe shi don girman Allah ya mayar da sarƙar nan yadda ya same ta.

"Malam, ka bar wa masu fanni fanninsu. Lissafi ne mai sauƙi. Tsawo ya yi yawa, faɗi ya kasa. To, sai in ba faɗi lambar tsawo, in ba tsawo lambar faɗi. An yi adalci."

Ya musanya lambobin biyu, ya kwantar da takardar, ya mayar da sunansa ƙasa. Na nemi in ga yadda hoton ya fita, ya rufe ordinater da sauri, ya ce batir ya yi zafi.

Ranar Alhamis Madam Mansura ta iso da hantsi, da sarƙa da babban makulli a bayan babur. Ta tarar da murfin farko jingine da gawo, rijiya a buɗe. Mai gari, cikin sabuwar riga, ya ce ta yi haƙuri, na gaske yana hanya. Aka shimfiɗa mata tabarma. Mata suka jera tulunansu, kowace ta cika nata tun da wuri, don ba a san yadda yinin zai ƙare ba.

Gab da azahar amalanke ya iso. Nomau na zaune a gaba kamar ango. Ɗahiru ya biyo shi bisa babur, ya ce shi dai yau sai ya ga rijiyar nan da idonsa. Murfin yana naɗe cikin ledar da aka buga, bayanta a waje.

Nomau ya tsaya bisa amalanke ya yi jawabi. Ya ce yau Garin Jaye ya shiga sahun birane. Ya ce masu kara su je su kora awaki. Ya so ya naɗe ledar ya ɓoye kafin a gani, amma mai gari ya ce a warware, a ɗaga hotonsa Madam ta gani.

Aka warware, aka ɗaga.

Wanda ke cikin hoton ba shi da wuya ko kaɗan. Kai ya baje kamar faifan tuwo, kunne ɗaya a gabas, ɗaya a yamma, hula ta zama akushi a kife, jiki kamar randa da aka zauna a kanta. Duk kuma da tubali-tubali.

Ban yi dariya ba, domin ba ta dace da matsayina ba, amma na shiga bayan gawo na ɗan jima. Madam Mansura ta rufe fuska da gyale.

"Wane ne wannan?" in ji mai gari.

"Na'ura ba ta son kai, ranka ya daɗe," in ji Batulu. "Mushe ya faɗa."

"Ido ne, Allah ja zamaninka," in ji Nomau. "Daga nesa yana daidaita. A duba murfin, shi ne muhimmi."

Aka ɗora murfin bisa rijiya. Ya zarce ta gabas da yamma, ya bar jinjirin wata biyu ta kudu da arewa.

Baba Tala ya ce a sauke shi ƙasa. Ya sa aka kawo na farko daga gindin gawo, ya ce a ɗora shi bisa na biyu, a ɗan juya. Aka juya. Suka haɗu baki da baki, haƙori da haƙori, kamar tagwaye.

"Kun gani," in ji shi. "Ƙwai ɗaya ne. Wancan a tsaye, wannan a kwance. Kwana uku da faifan masallaci, abin da ya yi shi ne ya juya shi, aikin da muka yi da hannu ranar Litinin."

"Mai walda ne ya kauce layi!" in ji Nomau.

Ɗahiru ya matso. Ya juya ledar, ya nuna wa jama'a sa hannun, wanda na wannan karon ya fi na farko girma.

"To mai bugawa ne. Ko zafin rana, ƙarfe yana miƙewa. A Maradi..."

"A Cadawa," in ji mata, baki ɗaya.

Madam Mansura ta miƙe ta kwance sarƙa daga babur. Ta ce ita ba ta zo wasa ba, yara sun sha wuya a garin nan, kuma ƙa'ida ƙa'ida ce. Dariya ta ɗauke. Batulu ta matso, wannan karon babu zolaya a muryarta.

"Madam, akwai masu ciki cikinmu, akwai tsofaffi. Ki ba mu zuwa la'asar."

Madam ta dubi agogo, ta ce zuwa la'asar.

Baba Tala ya riga ya tafi maƙera ya dawo da karansa, da guduma, da magagari. Ya sa aka gicciya faifan biyu, ɗaya kudu da arewa, ɗaya gabas da yamma, tsawon kowanne ya rufe giɓin ɗan'uwansa. Ya aza karan ta kowace kusurwa, ya ga ko'ina ƙarfe ya kai, sai dai da ƙyar. Shi da Ɗahiru suka huda, suka ɗaure da ƙusoshi takwas, suka goge haƙora, suka maƙala mariƙi. Nomau ya matso zai ba da shawara, Tala ya miƙa masa mafici ya ce ya riƙa korar masa ƙuda.

Ana kiran la'asar aka ɗora. Madam ta ari karan Baba Tala, ta bi gefen tana tsokana, ba ta sami inda ya shiga ba. Ta mayar da sarƙarta bisa babur. Mata suka rangaɗa guɗa.

Sai ta ce, "A buɗe in gani."

Batulu ta kama mariƙi, ko motsi. Mata uku suka kama, ya ɗan gusa. Faifai biyu ne a haɗe, nauyin ɗan maraƙi.

"Murfin da ba ya buɗuwa, barinsa za a yi a buɗe," in ji Madam. "Sai an sa mutum ɗaya da sunansa, wanda zai janye shi kowace safiya, ya mayar kowace yamma. In babu, maganata ta farko tana nan."

Mai gari ya dubi ledar da ke yashe a ƙasa, ya dubi randar da ke sanye da hularsa. Sannan ya ɗaga kai a hankali.

"Muna da injiniya," in ji shi.

Yau wata biyar ke nan. Kowace safiya, in na fito daga masallaci, ina ganin Nomau ya tuɓe tabarau ya ajiye bisa jaka, ya kafa ƙafa, yana nishi, mata na jere da tuluna suna ba shi ƙarfi da baki. Batulu kan ce, "Ja ta tsawo, Mushe, in ya ƙi ka ja ta faɗi." Hoton randa an ƙone shi a ranar. Na zalɓe kuwa yana nan a bangon zauren mai gari, kuma babu mai ƙarfin halin yin magana. Ɗakin ajiyar masallaci har yanzu zana ce a ƙofarsa, awaki sun cinye mini tabarmi biyu.

Makon jiya wasu baƙi daga Gangara suka tsaya shan ruwa, suka yi mamakin murfin. Da kunnena na ji Nomau, yana haki, yana ce musu: "Mai hawa biyu ke nan. Ni na ƙirƙiro shi. Bai iso Maradi ba tukuna."

Allah ya sa mu san iyakar saninmu, ya hana mu tsinke abin da aka ɗaure don maslaharmu. Ya gafarta wa wanda ya rubuta, ya yi albarka ga wanda ya karanta da wanda aka karanta wa, ya shayar da mu duka ruwa mai tsarki duniya da lahira. Ya kuma ƙara wa Nomau ƙarfin baya, domin gari na bukatarsa. Amin.